Ɗalibai masu buƙata ta musamman a darasin ƙere-ƙere: ina iyakar taimako?

Tambaya: Ina koyar da fasahar ƙere-ƙere a ƙaramar sakandare. A ajina akwai yarinya kurma da yaro mai raunin gani sosai. An ba ni mataimakiya, amma na lura ita ce ke yi musu zane, ita ce ke yanka musu katako. Wasu malamai kuma sun ba da shawarar a bar su da karatun littafi kawai, don kada su ji ciwo. Me ya kamata in yi?

Amsa: Malam, shawarar cire su daga aikin hannu ba ta da madogara. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta tabbatar musu da haƙƙin samun ilimi ba tare da wariya ba, kuma wannan darasi rabinsa a hannu yake. Tun 1953 aka buɗe makarantar makafi a Gindiri da ke jihar Filato, saboda haka koyar da wanda ba ya gani ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan.

Abin da ya fi damuna shi ne na mataimakiyar. Tausayi ne ya sa take karɓe musu aikin, kuma ba na ganin laifinta, domin da alama ba wanda ya zauna da ita ya fayyace mata aikinta. Wani dogon bincike da aka yi a makarantun Ingila ya gano cewa yaran da suka fi samun taimakon mataimakan aji sau da yawa sun fi jinkirin ci gaba, saboda malami yakan sakar wa mataimaki su gaba ɗaya. Ka riƙa ba ta minti goma kafin darasi, ka gaya mata abin da kake so yaro ya iya a ranar, kamar auna tsawo ko riƙe zarto daidai, sannan ku amince cewa za ta fara jira, in yaro ya kasa ta tuna masa da tambaya, in ya sake kasawa ta nuna masa a kan wani guntun katako dabam, ba a kan nasa ba. Wani lokacin ma kai ka tsaya da su, ita ta zaga sauran aji.

Ga yaron, a gyara kayan aiki, kada a rage masa aikin. A yi wa rula ƙananan tsagu a kowace santimita domin ya ƙirga da yatsa. A fito da layukan zane da zare da gam a kan kwali, kuma a miƙa masa abin da za a ƙera ya shafa shi tun kafin a fara bayani. Idan yana da sauran gani, alƙalami mai kaurin baki a kan farar takarda da wurin zama mai haske za su taimaka. Wajen yanka, a ɗaure katakon da ƙarfen matsewa, a kafa wani madaidaicin katako a gefe wanda zarto zai bi. Kowane kayan aiki ya kasance yana da mazauni ɗaya da ba ya sauyawa, kuma a daina ce masa "ɗauko wancan"; a ambaci sunan abu da inda yake.

Ita kuwa yarinyar, idonta ne kunnenta, ba za ta iya kallon hannunka da fuskarka a lokaci guda ba. Ka yi bayani tukuna, sannan ka nuna, kada ka haɗa biyun, kuma kada ka yi magana kana fuskantar allo. Ku tsayar da alamar "dakata" wadda duk aji ya sani, kamar kashe fitila da kunna ta, tunda ba za ta ji ihun gargaɗi ko sauyin ƙarar inji ba. Ka tambaye ta ko da maganar hannu ta gida ta saba ko da wadda ake koyarwa a makarantun kurame, domin sun bambanta, sannan ku koyi alamun zarto, guduma, ƙusa da awo daga wurinta.