Daga "pavonine" zuwa ɗawisu

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na ci karo da kalmar "pavonine" a wani littafin Turanci, an ce ta shafi ɗawisu. Mene ne asalinta, kuma muna da irinta a Hausa?

Amsa: Malama, kalmar nan ko Turawan ba kasafai suke furta ta ba, sai a rubutu. Sifa ce, ma'anarta abin da ya yi kama da ɗawisu, musamman wajen launi, irin shuɗi da koren nan masu sheƙi da ke canzawa in haske ya taɓa su. Tushenta Latin ne, inda ake kiran tsuntsun "pavo", ta shiga Turanci a ƙarni na 17. Daga "pavo" ɗin ne kuma masanin tsirrai da dabbobi Linnaeus ya ba ɗawisun Indiya sunan kimiyya, Pavo cristatus, a 1758.

Mu ba mu da sifa guda ɗaya mai wannan aiki, kuma ban ga dalilin ƙirƙiro ta ba. Bahaushe ya ce "tana taƙama kamar ɗawisu", ko "zane mai launin jelar ɗawisu", magana ta fita sarai.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake rubuta sunan. Mutane da dama suna rubuta "dawisu", alhali ɗawisu ne, da ɗ mai lanƙwasa. Aro muka yi daga Larabci, ṭāwūs, kuma harafin ط in ya shigo Hausa yawanci ɗ yake komawa. Ki duba ɗalibi, ɗabi'a, ɗawafi, ɗariƙa, ɗa'a, da sunan Ɗahiru. Har a tsakiyar kalma haka ne, kamar sharaɗi da haɗari. Wasalin u na ƙarshe kuwa namu ne, domin Hausa ba ta cika son rufe kalma da baƙi ba. Larabawan ma ba su ne masu kalmar ba, tana da dangantaka da "taos" ta Girkanci.

Tsofaffi suna ce masa tsuntsun Makka. Sunan yana nuna hanyar da labarinsa ya biyo ya iso mana, ba mahaifarsa ba, domin asalinsa dazukan Indiya ne da Siri Lanka. Indiya ma ta ayyana shi tsuntsun ƙasa a 1963. Afirka tana da nata jinsin a dajin Kwango, amma ba shi da doguwar jelar nan da ake gani a gidajen sarauta.