Kumburin ƙafa da fitsari mai kumfa a wajen Baba

'Yar'uwa daga Jidda, kin ce Baba ya shekara yana fama da kumburin ƙafa, fitsari mai kumfa da haki, likitan zuciya yana turawa likitan ƙoda, har aka ambaci amiloidosis na AL. Allah ya ba shi lafiya.

A wannan cuta, ƙwayoyin ɓargo ne ke fitar da gurɓataccen furotin, ya taru a zuciya da ƙoda. Shi ya sa ake daɗewa ba a gano ta ba, kowane likita gaɓa ɗaya yake kallo. Ki duba ko harshensa ya yi kauri har haƙora sun bar shaida a gefensa, ko fatar idonsa na yin shuɗi ba tare da buguwa ba. Ki faɗa wa likita.

Ki roƙi gwaji 3 tare: FLC na jini (mai auna yawan wannan furotin), da imunofikseshin (mai gano irinsa) na jini da na fitsari. SPEP, wato gwajin furotin na jini da aka saba yi, shi kaɗai yakan kuskure cutar, kada a tsaya kansa. Tabbaci sai an ɗebi ɗan kitsen ciki da ɓargo, a rina da jan rinin Kongo, sannan a bambance ta da ATTR, wani nau'in amiloidosis, domin maganinsu daban ne.

Ku nemi a tura shi likitan jini, misali a asibitin Sarki Faisal. Idan zuciya ta kamu, jinkirin wata ɗaya ma asara ne.