Ɗan kurciya da ya faɗo daga sheƙa

Malam, ka tsinci ɗan kurciya a gindin mangwaro a Bukuru, kana tambaya ko ka ba shi madara. A'a, kada ka ba shi. In gashinsa ya fito yana tsalle, ɗora shi kan reshe ka kori kyanwa; iyayensa na kusa. In tsirara yake, mayar da shi sheƙa. Taɓa shi ba ya sa uwar ta guje shi.

Tsuntsu ba ya narkar da madarar shanu, ruwan da aka ɗiga masa a baki kuma yakan gangara huhu ya shaƙe shi. In awa 2 ta wuce iyayen ba su dawo ba, sa shi cikin kwali da tsumma da gorar ruwan ɗumi, don sanyin hunturun Jos ya fi yunwa saurin kashe shi.