Amsa: Yaya ake yanke kuɗi da lokaci a aikin tsaftace mota da goge fenti?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka fara aikin tsaftace mota ciki da waje har da goge fenti, amma duk lokacin da ka faɗi kuɗi da ranar karɓa, sai aikin ya ci ninkin abin da ka faɗa. A ganina matsalar ɗaya ce: kana yanke kuɗi kafin ka ga motar.

Na daɗe a sana'ar nan, kuma ba na faɗin kuɗi ta waya. Mota biyu iri ɗaya, shekara ɗaya, sai ɗaya ta ci awa 3, ɗayar ta cinye wuni guda. Ta farko mutum ɗaya ke hawanta zuwa aiki, ta biyun kuwa yara ake kwasa a cikinta, ga madara ta zube ta bushe a ƙarƙashin kujera, ga yashi ya shige cikin kafet. Yashi da gashin dabba su suka fi cin lokaci, domin injin zuƙe ƙura kaɗai ba ya fitar da su, sai ka bi da buroshi kana kaɗawa kana zuƙewa. Warin taba kuma nasa lissafin daban ne, tunda yana kama rufin ciki da hanyoyin iskar AC.

Abin da kake sayarwa awanninka ne. Ka tara kuɗin haya, wuta, ruwa, ladan yaran aiki da abin da kake so ya rage maka a wata, ka raba da awannin da hannu yake kan mota da gaske, ba awannin da shago yake buɗe ba. Abin da ya fito shi ne kuɗin awarka. Sai ka ninka da awannin aikin, ka ɗora kuɗin sabulu, man goge fenti da soso, har da tawul, don shi ma ƙarewa yake.

Ga yadda nake ƙiyasta lokaci idan mutum ɗaya ne zai yi ƙaramar mota. Wanki mai kyau da share ciki, awa 1 zuwa 2. Cikakken aikin ciki, da wanke kujeru da kafet, awa 3 zuwa 5. Jif mai layin kujeru uku, ka ƙara kamar rabin hakan.

Goge fenti shi ne inda sababbi suka fi faɗawa asara. Kafin injin guga ya taɓa jikin mota sai an wanke ta, an cire kwalta da ƙurar birki da suka manne, an bi ta da yumɓun goge fenti, wato wani yumɓu na musamman da ke kwashe dattin da ya manne a fenti, an rufe robobi da salatif. Wannan kaɗai yakan kai awa 2. Gugar zagaye ɗaya takan ci awa 4 zuwa 6, ta zagaye biyu kuwa, wato a yanke karce sannan a fito da sheƙi, ta kai 10 ko ta wuce. Baƙar mota ka ƙara mata lokaci, don ba ta ɓoye komai a rana. Ni nakan gwada ɗan wuri a kan bonet a gaban mai motar, ya ga iya abin da zai fita, sannan mu yi ciniki. Kuma kada ka yi alkawarin cire kowane karce. Shafin nan mai sheƙi da ke saman fenti bai fi kaurin maikiron 35 zuwa 50 ba a yawancin motoci, bai ma kai kaurin gashin kai ba, kuma duk guga tana rage shi. Idan farcenka ya maƙale a cikin karcen, to ya wuce aikinka, na mai fenti ne.

Sai lokacin jira, wanda mutane suke mantawa. Kujerar yadi da aka wanke tana buƙatar awanni kafin ta bushe, musamman idan iska na da danshi, kuma in ka ba da ita da jiƙa za ta yi warin ruma, laifin ya dawo kanka. Shafin seramik ma, wato ruwan kariya da ake shafa wa fenti bayan guga, yawanci sai ya yi awa 24 bai ga ruwa ba, kuma akan bar shi kamar mako guda ba wanki, amma ka bi abin da kamfanin ya rubuta a jikin kwalbar. Saboda haka ka riƙa faɗin lokaci biyu: awannin aiki, waɗanda kuɗi yake kansu, da lokacin da mai motar zai zo ya karɓa.

Idan mutum ya matsa sai ka faɗa masa ta waya, ka ce aikin yana farawa daga kaza, cikakken kuɗi sai an ga mota. In ya kawo, ku zagaya ta tare, ka ɗauki hoton duk lotsawa da yagewar da ta zo da su, ka rubuta masa abin da ke cikin kuɗin da abin da babu, kamar wanke wajen injin motar da goge fitilun gaba. In ka ɗaga kafet ka tarar da ruwa kwance ko ruma, ka dakata ka kira shi ku daidaita ƙarin kafin ka ci gaba.