An canza bod, Windows ta ce babu lasisi

Tambaya: Assalamu alaikum. An kawo wuta da ƙarfi ta ƙona bod ɗin kwamfutata (babban allon da ke cikinta), mai gyara ya sa wani. Yanzu ga rubutu a kusurwar dama ta ƙasa yana cewa in kunna lasisin Windows, alhali da ita na saye ta. Ya ce in kawo ya sa mini wata manhaja ta goge shi. In yarda? Daga Hauwa, Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama Hauwa. Tun daga Windows 8 a 2012, kamfanoni suka daina liƙa mabuɗin lasisin nan mai haruffa 25 a gindin kwamfuta, suka koma rubuta shi cikin BIOS, wato a jikin bod. Shi ya sa canza RAM ko SSD ba ya taɓa lasisi, amma da tsohon bod ya tafi, da naki ya tafi.

Sai dai bod ɗin da aka sa miki, in na hannu ne, sau da yawa da nasa mabuɗin yake zuwa. Ki buɗe PowerShell, wato manhajar rubuta umarni da ke cikin Windows, ki rubuta:

(Get-CimInstance SoftwareLicensingService).OA3xOriginalProductKey

In haruffa suka fito, ki shigar da su a Settings, sashen Activation. A nan mutane ke tuntuɓe: mabuɗin na nau'in Windows da ake kira Home ne, mai gyara kuma ya ɗora nau'in Pro, don a ganinsa ita ce babba. Ba za su taɓa jituwa ba. A kwashe fayilolinki, a sake ɗora Home, da ta hau intanet za ta kunna kanta.

In ba abin da ya fito, ki gwada Troubleshoot a wannan shafin, ki zaɓi cewa kin canza kayan na'ura kwanan nan. Yana aiki ne kawai idan dama kin haɗa lasisin da asusunki na Microsoft, kuma lasisin da ya zo tare da kwamfuta ba kasafai yake yarda ya yi ƙaura ba.

Manhajar mai gyara kuwa, a'a. Da yawa cikin irin waɗannan manhajojin yaudarar Windows suke yi ta ɗauka kwamfutar ta wata ma'aikata ce, irin lasisin da ke ƙarewa bayan kwana 180 in ba a sabunta ba. Kafin su shiga sai an kashe Defender, wato manhajar tsaron Windows, ta wannan ƙofar kuma ɓarayin lambobin sirri ke bi, ke kuma ƙila a nan kike shiga banki. Rubuta slmgr /xpr a PowerShell zai nuna miki ko an riga an yi miki haka: in ya ba da ranar ƙarewa, an yi.

Kafin ki samu kuɗin sabon lasisi, Windows za ta ci gaba da aiki da rubutun nan a kusurwa. Canza launi da hoton fuska kawai za ta hana ki.