Amsa ga ɗalibina kan makomar mai fiziks a sashen hoton asibiti

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, na karanta takardarka inda kake cewa ka kammala digirin fiziks a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, hidimar ƙasa ta kusa ƙarewa, kuma tun da ka fara bina ɗakin hoto kake ta tunanin ko wannan sana'a tana riƙe mutum da iyalinsa, ko kuwa gara ka karɓi aikin koyarwa da wata sakandare ta yi maka tayi. Ka kuma ambaci fargabar mahaifiyarka cewa hasken na'urorin yana hana haihuwa. Amsata ita ce sana'ar tana riƙe mutum, sai dai guraben da aka rubuta sunanta a kansu kaɗan ne a ƙasar nan, kuma wanda ya iya awo da hannunsa shi yake samun su kafin wanda ya iya lissafi a takarda kawai.

Ka fara sanin matsayinka a cikin sashen, domin matasa da yawa a nan suke rikicewa. Likitan hoto shi yake karanta hoto ya faɗi cuta. Mai ɗaukar hoto shi yake kwantar da mara lafiya ya danna na'ura, yana da nasa digirin da hukumar rajistarsa wadda aka kafa da dokar 1987, kuma digirinka na fiziks bai ba ka izinin yin aikinsa ba. Injiniya yana kwance na'ura ya gyara. Mu masu fiziks kuwa tambaya biyu aka ɗora mana: ko hoton nan yana faɗin gaskiya, da kuma nawa ne radiyeshan ɗin da mara lafiya ya sha kafin a same shi.

Ka tuna gwajin tsofaffin kwabbai da muke yi wa na'urar eksire. Muna ɗaga kan na'urar santimita 100 daga faranti, mu kunna fitilar da take nuna inda hasken zai sauka, mu jera kwabbai a bakin iyakar fitilar ta kowane gefe, sannan mu ɗauki hoto. Idan hoton ya fito kwabban ba su zauna a bakin iyaka ba, kuma saɓanin ya wuce santimita 2, to fitilar tana yi wa mai ɗaukar hoto ƙarya: yana ganin ya saita ƙirjin yaro, alhali hasken yana cin wuyansa ya bar ƙasan huhu, sai a sake ɗauka, yaron ya sha ninki biyu. Haka ma gwangwanin ruwan da muke sakawa a na'urar CT, mai ɗaukar hoton cikin jiki yanka-yanka da hasken eksire, da safe. A ma'aunin Hounsfield, wato lambobin da CT take ba kowane abu a cikin hoto, ruwa sifili ne, iska kuma 1000 ƙasa da sifili. Naman ƙwaƙwalwa yana tsakanin 20 da 40, sabon jinin da ya daskare a cikinta kuma yana haura 50, saboda haka idan na'ura ta fara karanta ruwa a 10 ko 12 ba tare da kowa ya lura ba, likita yana yanke hukunci ne a kan lambobin da suka riga suka kauce. Na'urar ba za ta yi ƙara ba, hoton kuma zai fito da kyau a ido. Wanda zai gano shi ne mai rubuta awon kowace safiya a littafi yana kwatanta na yau da na watan jiya, kuma wannan littafin shi ne rabin sana'armu.

Ɗaya rabin shi ne adadin radiyeshan da ake ba mara lafiya, wanda ake aunawa da milisibat. Hoton ƙirji na eksire bai wuce kimanin milisibat 0.1 ba, CT na ciki kuwa yana kai wa wajen 10, alhali abin da mutum yake sha daga ƙasa da iska da abinci a shekara guda, a matsakaicin duniya, 2.4 ne. Laifin da na fi gani a wuraren da ba su da mai fiziks shi ne a ɗauki jariri da saitin babban mutum, don kawai da shi kamfani ya kawo na'urar. Rage wannan saiti har iyakar da hoto ba zai lalace ba aiki ne na fiziks tsantsa, kuma ba baƙon abu ba ne ga masu iliminka, tunda Röntgen da ya gano hasken eksire a 1895 malamin fiziks ne, Cormack kuma, wanda ya raba kyautar Nobel ta 1979 da Hounsfield a kan CT, ya fara tunanin lissafinsa ne lokacin da yake taimaka wa wani asibiti a birnin Cape Town a 1956.

Yanzu maganar gurabe. Mafi yawan masu fiziks da gwamnati take ɗauka suna manyan asibitocin da suke gashin cutar daji da radiyeshan, irin su asibitin koyarwa na nan Sakkwato, na Shika a Zariya, Asibitin Ƙasa na Abuja, da na Ibadan da Legas. Dalilin a fili yake: na'urar gashi ba ta taɓa mara lafiya sai mai fiziks ya auna ta ya duba tsarin maganin, amma ɗakin hoto yana iya shekara goma yana aiki babu mu, ko da yake ba yadda ya kamata ba. Saboda haka shawarata ita ce kada ka ce hoto kaɗai za ka koya. Ka koyi gashi tare da shi, domin da shi za ka shiga asibiti, kuma shi kansa gashin a kan hoton CT ake tsara shi, wanda ya san hoto sosai yana da fifiko a can.

Akwai wata hanya da ba a cika gaya wa matasa ba. Dokar 1995 ta kafa hukumar NNRA mai kula da makamashin nukiliya da radiyeshan, ta fara aiki a 2001, kuma duk mai na'urar eksire ko CT yana bukatar lasisinta. Cibiyoyin hoto masu zaman kansu da suke ta buɗewa a Sakkwato da Birnin Kebbi da Gusau ba za su ɗauke ka aiki na dindindin ba, amma kowace tana bukatar wanda zai lissafa kaurin bango da na dalma kafin a gina ɗaki, ya gwada sabuwar na'ura kafin a biya ɗan kasuwa cikon kuɗinsa, ya zagaya da mita ya tabbatar hasken ba ya ratsawa zuwa inda mutane suke zaman jira. Mutum ɗaya mai amana yana iya riƙe cibiyoyi da dama ta wannan hanya, matsalarsa kawai tsadar kayan awo, shi ya sa ake farawa a ƙarƙashin wani. Bayan wannan akwai aiki a hukumar kanta, da Cibiyar Binciken Makamashi ta Zariya, da koyar da ɗaliban ɗaukar hoto a jami'a, da kamfanoni irin su Siemens da GE da Philips masu neman wanda zai horar da ma'aikatan asibiti a kan na'urorinsu.

Hanyar karatu kuwa digiri na biyu ne a fiziks na asibiti, wanda ake yi a Legas da Ife, da Jami'ar Ghana, sannan horo a cikin asibiti ƙarƙashin ƙwararre, wanda Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya da ke Vienna ta ce kada ya gaza shekara 2. Cibiyar binciken fiziks ta ICTP da ke Trieste a Italiya tana da shiri na shekara 2 domin 'yan ƙasashe irin namu, shekarar farko a aji, ta biyu a asibiti, kuma ya cancanci ka nema. Amurka da Ingila suna biya da kyau, sai dai ƙofarsu ƙunci gare ta: a Amurka sai ka yi digiri a shirin da hukumarsu ta amince da shi, ka yi horon shekara 2, ka ci jarrabawar ƙwarewa, a Ingila kuma horon shekara 3 ne da rajista. Kada ka gina lissafin rayuwarka a kansu. A gida albashinmu yana kan tsarin CONHESS na ma'aikatan lafiya, bai kai na likitoci ba, amma da shi da ayyukan gefe na halal ana rufin asiri.

Ka gaya wa mahaifiyarka cewa iyakar da aka yanka wa ma'aikaci ita ce milisibat 20 a shekara idan an raba a kan shekara 5, kuma mai tsayawa bayan bangon dalma, yana sanye da bajon awonsa ana karanta masa shi a kan kari, ɗan kaɗan daga wannan yake sha, nesa ƙwarai da abin da yake taɓa haihuwa. Idan ka ninka nisanka daga na'ura, hasken yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Ita MRI ma, na'urar da take ɗaukar hoto da maganaɗisu, babu irin wannan haske a cikinta, haɗarinta maganaɗisu ne mai ƙarfin tesla 1.5 wanda ba ya mutuwa ko an ɗauke wuta, yana iya fizge tukunyar iskar oksijin daga bakin ƙofa. Abin da ya fi ba mu wahala a garin nan shi ne zafin Afrilu da yake haura digiri 40, da ƙurar hunturu, da wutar da take rawa, domin kusan kashi 99 cikin 100 na wutar da take shiga ƙwan eksire zafi take komawa, maganaɗisun MRI kuma yana zaune ne a cikin ruwan heliyom mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifili, idan na'urar sanyaya shi ta tsaya na kwanaki sai ya fara tsiyayewa, cika shi kuwa kuɗi ne mai yawa.

Aikin koyarwar nan ka karɓa muddin a cikin gari yake, ka tara kuɗin digiri na biyu da shi, ka riƙa zuwa wurina ranakun Asabar. Kafin ka tafi karatun ina so ka san sassan jikin mutum yadda za ka gane su a hoton CT ba tare da an nuna maka ba, ka iya buɗe fayil ɗin DICOM, wato tsarin da ake ajiye hoton asibiti da shi, a kwamfuta ka ciro saitin da aka ɗauki hoto da shi, ka koyi Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta, gwargwadon abin da zai zana maka awon wata shida a jadawali. Daga makon gobe littafin awon CT na safe yana hannunka, ni kuma zan riƙa dubawa ina sa hannu a ƙarshen kowane wata.