Harsasaina suna jeruwa daga sama zuwa ƙasa a mita 600: bututun ne ya mutu?

Tambaya: Malam, ina harbin allo da bindiga mai harsashin .308 (lambar girman harsashin ke nan), kuma ni nake cika harsasaina da kaina. A mita 100 harbi uku ba sa wuce faɗin santimita 3. Amma da na matsa mita 600 sai ramukan su jeru daga sama zuwa ƙasa, tsawon wajen santimita 40, sun ɗan karkata: na sama yana hagu, na ƙasa yana dama. Wani a filin harbi ya ce in riƙa ƙara albarushi kaɗan-kaɗan har su haɗu. Na fara, yanzu kuma sakata, wato ƙarfen da ke kulle harsashi a gindin bututu, tana yin tauri idan zan buɗe bayan harbi. Hankalina ya tashi. Bututun ne ya ƙare?

Amsa: Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka game da bututu, amma ka tayar da shi game da sakatar nan. Kada ka sake harba ko ɗaya daga cikin harsasan da ka ƙara wa albarushi. Ka ware su gefe, ka warware su.

Wannan magana ta "ƙara albarushi su haɗu" ta ishe ni. Kusan duk filin da ka je akwai mai faɗinta, kuma da ƙarfin gwiwa yake faɗi, alhali bai taɓa ganin na'urar auna matsi ba. Harsashin .308 yana da iyakar matsi da aka gindaya masa: hukumar SAAMI ta Amurka ta sa 62,000 a ma'aunin psi, hukumar CIP ta Turai kuma ta sa 4,150 a ma'aunin bar. Wannan matsin duk yana faruwa ne tazarar ɗan taƙi daga idonka. Kuma idan an kusa iyaka, matsi ba ya hawa daidai da abin da ka ƙara. Ɗan ƙari kaɗan sai ya yi tsalle. Abin da masu ba da wannan shawara ba sa gaya maka shi ne, taurin sakata ba gargaɗin farko ba ne. Kafin tagullar kwanson harsashi ta matsu har ta manne, ta bar tabo mai sheƙi a gindinta, ko ɗan maɓallin da ke kunna albarushi a gindin kwanso ya baje ya yi lebur, sau da yawa an riga an wuce iyaka. Za su ce maka ai su sun shekara suna yi ba abin da ya faru. To, bindigarsu daban, taka daban: zurfin ɗakin harsashi ba ɗaya ba, kaurin kwanso ba ɗaya ba, har albarushi iri ɗaya yakan bambanta daga wannan gwangwani zuwa wancan. Awon albarushin da ya zauna lafiya da sanyin safiya yana iya kumbura kwanso da rana tsaka, ko idan harsashin ya daɗe a cikin bututu mai zafi kana jiran iska ta kwanta. Idan gindin kwanso ya tsage, iskar wuta baya take dawowa, ta bi ta sakata zuwa fuska. Littafin cika harsashi na kamfanin da ya yi albarushin yana da layin da aka rubuta iyaka, kuma da na'ura aka gwada shi. Mutumin filin nan da me ya gwada nasa?

Abin haushin ma, ko da ka ga ramuka uku sun haɗu bayan ƙarin, ba ka tabbatar da komai ba. Nan ne matsalarka ta biyu. Harbi uku ba su isa shaida ba. Masana lissafi, irin su Frank Grubbs da ya yi aiki da sojan Amurka a filin gwajin makamai na Aberdeen, sun daɗe da nuna cewa faɗin tarin ramuka yana ƙaruwa da yawan harbi ko da babu abin da ya canza. A matsakaici, tarin harbi goma ya fi na harbi uku faɗi da fiye da rabi. Wato bindigarka mai santimita 3 a harbi uku, in ka harba goma za ka ga kusan santimita 5. Ninka wannan sau shida saboda nisan mita 600, ka samu wajen santimita 28 tun kafin iska ko gudun harsashi su sa baki. Ka ga arba'in ɗin naka ba wani abin firgita ba ne. Sannan harbin da ya bauɗe, in dai ba ka ji hannunka ya motsa ba tun kafin ka duba allo, na cikin lissafi ne. Masu rufe shi da yatsa su ɗauki hoto kansu suke yaudara.

Yanzu jerin sama da ƙasa. Wanda na fi zargi shi ne bambancin gudu tsakanin harsashi da harsashi. Harsashi mai barin baki da gudun kusan mita 800 a daƙiƙa yana faɗowa wajen mita uku da rabi kafin ya kai mita 600. Gudun ya ragu da kashi ɗaya cikin ɗari, faɗuwar ta ƙaru da kashi biyu ko fiye, wato santimita 7 zuwa 8. Idan tsakanin mai sauri da mai nawa akwai mita 25 a daƙiƙa, ka samu tsayin fiye da santimita 20 ke nan. A mita 100 wannan bambancin bai wuce 'yan milimita ba, shi ya sa ba ka taɓa lura ba. Maganinsa daidaito: sikeli mai gaskiya, kwansuna iri ɗaya daga kamfani ɗaya, wuyan kwanso ya riƙe kan harsashi da ƙarfi iri ɗaya. Ka nemi na'urar auna gudu, ko aro ne, ka harba goma zuwa ashirin ka rubuta. Idan mai gudu shi ne na sama, mai nawa shi ne na ƙasa, magana ta ƙare.

Idan gudun ya zo daidai amma jerin yana nan, to koma kan jikinka. Jakar yashin da ke ƙarƙashin gindin bindiga tana zama kaɗan-kaɗan bayan kowane harbi. Danna kafaɗa yau da ƙarfi gobe da sassauci shi ma sama da ƙasa yake kaiwa. Ka kuma lura da tsarin zuwansu: in ramukan suna hawa bi da bi, na ɗaya ƙasa, na biyar can sama, to zafin bututu ne, ko kuma itacen bindigar yana taɓa bututun. Zura takarda tsakaninsu ka ga ko za ta wuce har gindi.

Karkatar da ka gani kuwa mai yiwuwa iska ce. A bututun da zarensa, wato tsagin ciki mai juya harsashi, ke murɗawa dama, iskar da ta taso daga dama tana tura harsashi hagu ta kuma ɗan ɗaga shi, wadda ta taso daga hagu ta tura shi dama ta ɗan sauke shi. Shi ya sa jerin ke kwanciya daga ƙarfe goma zuwa ƙarfe huɗu na fuskar agogo. Ba lalacewa ba ce. Amma ka tabbata ba ka kwantar da bindigar gefe. Ɗan ma'aunin ruwa irin na magina, mai nuna karkata, a jikin madubin saiti yana raba wannan gardama.

Kafin ka ɓata ko harsashi ɗaya, yi abubuwa biyu da ba sa cin kuɗi. Ɗaure notunan madubi da na jikin bindiga daidai ƙarfin da kamfani ya rubuta, domin noti mai sako-sako yakan raba ramuka gida biyu. Sannan ka kafa bindigar kan jaka, ka cire hannu, ka motsa kanka kaɗan kana duba madubi. In gicciyen saiti yana yawo a kan allo, ka gyara maɓallin nisa har ya tsaya cik. Da rana kuma kawalwalniya tana ɗaga hoton allon, don haka gwajinka da sassafe ya fi.

Bututun .308 yakan ɗauki dubban harbi kafin ya gaji. Ka koma awon albarushin da ka fara da shi, ƙasa da iyakar littafi, ka sa tabarau na kariya, ka harba goma a allo ɗaya kana rubuta lambar kowane rami da gudunsa. Idan sakata ta ci gaba da tauri duk da haka, ka kai bindigar wurin ƙwararren mai gyara ya auna ɗakin harsashi kafin ka sake harba ta.